Gubar da ke shiga garke ta hannun mai kiwo: sharhi kan gonakin Sabha

Sharhinmu na yau ya nufi Sabha, babban birnin yankin Fazzan a kudancin Libiya, kuma batunsa shi ne yadda maganin ƙwari ke kashe dabbobin da aka saye shi domin amfaninsu.

Duk wanda ya taso daga Agadas ya bi ta Dirku da Madama, ya tsallaka iyaka a Tummo ya wuce Gatrun, kafin ya shiga Sabha idonsa zai ci karo da kore shar a tsakiyar rairayi. Ruwan sama a nan da ƙyar yake kai milimita 20 a shekara, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa da injina ke zuƙowa ya raya gonakin sha'ir da alkama, da dabino, da kankana, da tumatir, da albasa, da ciyawar alfalfa wadda mutanen ƙasar ke kira safsafa. Haka abin yake a kewayen Sabha, da Tamanhint, da Samnu, da kwarin Shati, da kan hanyar Ubari. In mutum ya tsaya bakin gona ya yi sallama da Hausa, sau da yawa da Hausa za a amsa masa, domin da dama daga cikin masu ban-ruwa da masu yankan ciyawa da masu kula da garke 'yan Maraɗi ne, da Damagaram, da Tawa, da Katsina, da Kano. Tun zamanin ayarin fatake tsakanin Murzuk da Kano ƙafar Bahaushe ba ta ɗauke daga wannan yanki ba.

Sai dai kiwon Sabha ya sha bamban da na gida. A ƙasar Hausa akuya na fita daji ta zaɓi abin da za ta ci, kuma makiyayi ya san ya kau da garkensa daga samberu da duman kada. A Sabha babu dajin kiwo na a zo a gani. Tumaki da awaki da yawancin raƙuman da ake turkewa suna cikin shinge ne, abin da aka zuba musu shi suke ci, ruwan da aka tara musu shi suke sha. Ke nan kusan duk gubar da za ta shiga cikin dabba a nan, hannun mutum ne ya kai mata, kuma galibi ba da mugun nufi ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Darɓa ta kama safsafa, ganye ya fara murɗewa yana yauƙi. Mai gona ya zo da yamma a mota, ya miƙa wa ma'aikaci kwalba ya ce a yi feshi, ya juya ya koma gari. Rubutun jikin kwalbar Larabci ne da Turanci, wani lokacin ma an juye maganin cikin robar ruwan sha da ba ta da rubutu ko ɗaya. Ma'aikaci ya auna da murfi, ya ƙara rabin murfi domin ƙwarin sun yi yawa, ya goya famfon feshi ya zaga fili. Washegari da asuba ragunan da ake turke da su domin layya suna kuka, ciyawar jiya ta ƙare, filin da ya fi kusa kuwa shi ne wanda aka fesa. Sai ya ɗauki lauje. Kafin hantsi rago na farko ya daina tuƙa, miyau na zuba daga bakinsa kamar an kunna famfo, hawaye na kwarara, zawo da fitsari na tsiyaya, fatar kafaɗa da cinya na rawa. In aka buɗe idonsa za a ga ƙwayar ta tsuke ta koma ɗigo. Numfashi ya koma gurnani da ƙarar ruwa a ƙirji. Daga nan sai faɗuwa da shure-shure.

Waɗannan alamomi sun fi nuna rukunin magungunan da likitocin dabbobi ke kira oganofosfet, irin su diazinon, da malathion, da chlorpyrifos, da dichlorvos, wanda shi ne sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiyar da aka sani a kasuwannin Najeriya. 'Yan uwansu na kusa su ne kabamet, kamar methomyl da ake sayarwa da sunan Lannate, da carbofuran mai suna Furadan. Aikinsu a jiki iri ɗaya ne. Jijiya na aika saƙo ga tsoka ko ga matsarmamar miyau ta hanyar wani sinadari, kuma da zarar saƙon ya isa, akwai wani sinadarin na biyu da ke share shi nan take domin tsokar ta huta. Maganin ƙwari yana danne wannan mai sharewa ne. Sai saƙon ya yi ta maimaituwa babu tsayawa: tsoka ba ta saki, miyau ba ya yankewa, hanyoyin iska na huhu su tsuke su cika da ruwa, bugun zuciya ya ragu. Yawancin dabbobin da suka mutu ta wannan hanya, numfashi ne ya gagare su. Abin da ke kashe darɓa a kan ganye shi ne ke kashe rago a turke, domin tsarin jijiyoyinsu ya yi tarayya a wannan wuri. Haka ma jijiyar mutumin da ya yi feshin babu safar hannu babu takunkumi.

Tushen ilimin guba gaba ɗaya ya tsaya kan awo. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, shi ake jingina wa ka'idar cewa yawan abu ne ke mayar da shi guba. Amma a wajen dabbobi akwai ƙari, domin awon da wata dabba za ta ɗauka lafiya, wata kuma ajalinta ne. A watan Agustan 2007 raƙuma kusan 2,000 suka mutu a Saudiyya, aka fara daga yankin Wadi Dawasir, kuma bincike ya gano sinadarin salinomycin a cikin dusar da aka ba su. Wannan sinadari ana sa shi cikin abincin kaji domin maganin cutar hanji, kaji na ci suna ƙiba, amma raƙumi da doki ba sa jure shi. Mai raƙuma a Sabha da ya ga buhun abincin kaji ya yi arha ya ce bari ya haɗa da dusa, ya kamata ya san wannan labari. Haka amitraz, maganin kaska da ake yi wa shanu da tumaki wanka da shi, yana tsayar da hanjin doki da jaki har ya kai ga halaka. Permethrin da kare ke ɗauka yana sa kyanwa farfaɗiya. Ɗan tunkiya da dabba ramammiya kuma ba sa ɗaukar abin da babba mai ƙoshin lafiya ke ɗauka.

Wankan kaska da ƙazuwa shi ne ƙofa ta biyu, kuma a nan ne ake yawan yin ganganci. Wani zai ɗauki maganin feshin gona ya yi wa dabba wanka da shi, yana ganin ai sunan sinadarin ɗaya ne, alhali ƙarfin haɗin da man da aka narkar da shi a ciki ba na jikin dabba ba ne. Wani zai yi wankan da tsakar rana, a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a bazara, lokacin da fata ta fi zuƙar magani. Wani zai tura dabbobi cikin ruwan wanka suna jin ƙishirwa, su kafa kai su sha. Akwai kuma haɗarin da ba kowa ya sani ba: diazinon da ya daɗe a ajiye cikin zafi, musamman in danshi ya shiga kwalbar, yana rikiɗewa ya haifar da wasu sinadarai da suka ninka shi dafi. Kwalbar da ta shekara a ɗakin kwano a Fazzan, ko da awon bai canza ba, abin da ke cikinta ya canza. Kwanan watan ƙarewar aiki da ke jikin kwalba ba ado ba ne.

Sannan jarka. A hamada mazubi abu ne mai daraja, ba a son jefar da shi. Jarkar magani da ta ƙare sai a ɗauraye ta sau ɗaya, a tsaga ta biyu a tsaye, rabi ya zama kwamin ruwan 'yan awaki, rabi na kaji. Roba kuwa tana riƙe magani a jikinta. Ka'idar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa ita ce a ɗauraye mazubi sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, sannan a huda mazubin yadda ba zai sake ɗaukar ruwa ba.

Kada masu sauraro su ɗauka wannan sharhi yaƙi ne da maganin ƙwari. Libiya kanta shaida ce kan amfaninsa in an bi ka'ida. A 1988 aka gano wani mugun ƙuda ɗan asalin nahiyar Amurka a arewa maso yammacin ƙasar, wanda ke yin ƙwai a cikin rauni, tsutsarsa ta ci naman dabba da ranta. A 1990 kaɗai an ƙirga dabbobi sama da 12,000 da suka kamu, kuma an ji tsoron ya tsallaka Sahara ya shiga garkunan Nijar da Cadi da Najeriya. Aka yi gangami: jirage na sakin miliyoyin ƙudajen da aka mayar juya, waɗanda ake kawowa daga Meziko, ma'aikata kuma na bin garke-garke suna duba raunuka suna sa maganin coumaphos, wanda shi ma oganofosfet ne. An ga kamu na ƙarshe a watan Afrilun 1991, aka ayyana ƙasar ta rabu da ƙudan a 1992. Maganin da aka yi aikin da shi guba ne, amma an auna shi, an horar da masu riƙe shi, an san dabbar da aka sa wa. Haka a farkon 2012, da fara ta ɓarke a yankin Gat kan iyakar Aljeriya, kafin ta gangara arewacin Nijar da Mali a tsakiyar shekarar, feshi ne makamin da ake da shi. Ka'idar feshin fara kuma ta haɗa da sanar da makiyaya su janye dabbobi daga wurin na wasu kwanaki.

Matsalar ita ce wanda ke riƙe da kwalba a gonakin Sabha sau da yawa ba ya iya karanta ta, kuma babu wanda ya zauna ya karanta masa. Tarihi ya nuna abin da irin wannan giɓi ke jawowa. A ƙarshen 1971 Iraƙi ta shigo da irin alkama da sha'ir da aka cuɗa da maganin da ke ɗauke da sinadarin makuri domin kare shi daga ruɓa. An rina ƙwayar da jan launi, an rubuta gargaɗi a buhu, amma da Turanci da Sifaniyanci. Irin ya iso bayan lokacin shuka ya wuce a wurare da yawa. Manoma suka wanke launin, wasu suka gwada ba kaji da dabbobi, da suka ga kwanaki sun wuce babu abin da ya faru sai suka niƙa suka yi gurasa. Gubar makuri kuwa tana ɗaukar makonni kafin ta bayyana. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu. Har yau irin shuka mai launin ja ko shuɗi da ya rage a buhu yana ƙarewa a gaban kaji da tumaki a gonaki da yawa.

Ko wanda bai yi karatu ba akwai abin da zai iya ganewa. A ƙasan takardar yawancin magungunan ƙwari akwai zanen launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kuma kowane magani na da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da yankan ciyawa ko girbi, da kwanakin jira tsakanin wankan dabba da yanka ta ko shan nononta. Tambaya ɗaya ga mai shago, wato kwana nawa za a jira, tana iya ceton garke guda.

To in abin ya riga ya faru fa? A nan al'ada ke yin ɓarna. Hannu na fara zuwa ga man ja, ko man gyaɗa, ko madara, a danne dabba a ɗura mata. Yawancin waɗannan magunguna a cikin mai suke narkewa, don haka mai yana taimaka musu ne su ratsa hanji su shiga jini. Kuma dabbar da maƙogwaronta ya cika da miyau ba ta iya haɗiya daidai, abin da aka ɗura sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Dabbobi da yawa da za su iya tsira daga gubar, ɗurar ce ke ƙarasa su. Abin da ya dace shi ne a kwashe sauran ciyawar da ruwan daga gaban garke nan take, a kai dabbar inuwa, a kwantar da ita kan ƙirjinta kai na kallon ƙasa domin miyau ya zuba waje. In ta fata maganin ya shiga, a wanke ta da sabulu da ruwa mai yawa, ba tare da dirza ba, mai wankin kuma ya rufe hannunsa. Sannan a kira likitan dabbobi ba tare da jiran a ga yadda hali zai yi ba. Akwai allurar atropine da ke busar da ƙirji ta buɗe numfashi, akwai pralidoxime da ke kwance sinadarin da aka danne in an yi ta da wuri, akwai gawayi na musamman na asibiti da ke kama guba a tumbi, wanda ba ɗaya yake da gawayin girki ba. Dukkansu aikin likita ne, domin atropine kanta in ta wuce awo guba ce.

Abu mafi muhimmanci da za a tara wa likita shi ne kwalbar da gaskiyar abin da ya faru, kuma a nan ne halin da baƙo ke ciki ya shigo. Ma'aikacin da ba shi da cikakkun takardu, wanda albashinsa na wata da watanni ke hannun maigida, in ya ga raguna na faɗuwa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne a ce ya biya. Sai ya binne kwalbar a rairayi ya ce bai san komai ba. Tsoronsa abin fahimta ne, amma wannan shirun yana cin awa biyu ko uku da ba su dawowa. Likita zai tsaya yana lalube tsakanin abubuwa da yawa masu kama da juna. Takin yuriya da akuya ta lasa a buhu yana kawo kumburin ciki da karkarwa cikin ƙasa da awa guda, maganinsa kuwa ruwan khal ne da ruwan sanyi ta bututu. Gyauron dawa, wanda makiyayan gida suka daɗe da sanin sharrinsa, yana kashewa cikin mintuna, jinin dabbar ya yi ja wur. Ciyawar da aka cika wa taki tana mayar da jini ruwan ƙasa-ƙasa. Shinkafar ɓera mai hana jini daskarewa ba ta nuna kanta sai bayan kwana 3 zuwa 5, makarinta kuma bitamin K1 ne. Tsofaffin magunguna irin su Gamalin, wato lindane, da endosulfan, waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta sa cikin jerin haramtattu a 2009 da 2011, farfaɗiya suke kawowa, atropine ba ta warkar da su. Sunan da ke jikin kwalba shi ke raba waɗannan hanyoyi. Mai gonar da ke son dabbobinsa, shi ya kamata ya fara gaya wa ma'aikacinsa tun ranar da ya ɗauke shi cewa faɗin gaskiya a irin wannan rana ba zai taɓa albashinsa ba. Kuma laifin feshin da ba a yi bayaninsa ba, na wanda ya miƙa kwalba ya juya ne kafin ya zama na wanda ya goya famfo.

Sai batun wuƙa. Da an ga dabba za ta tafi, a kan yi maza a yanka kada ta zama mushe, naman kuma a raba ko a kai wa mahauci da araha. Yanka yana fitar da dabba daga hukuncin mushe, amma ba ya fitar da guba daga hanta da ƙoda da kitse, dafuwa ma ba ta da tabbas. Wanda ya sayar da irin wannan nama ya san abin da ya ɓoye wa mai saye. Nonon dabbar da ta tsira ma sai an zubar har likita ya ce ya isa. Gawar kuma ba a yar da ita bayan gona, domin karnuka da dila da hankaki za su ci su bi sahu. A Botsuwana a watan Yunin 2019 ungulaye 537 suka mutu bayan sun ci gawarwakin giwaye uku da aka sa wa guba. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne. In kuwa dabba ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura, kada a farke ta sam, domin yana iya zama ciwon saifa da ake kira antaraks, wanda ke kama mutum.

Mutuwar dabba kuma gargaɗi ne ga mutanen gida. A Zamfara a 2010, kafin a gane gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, agwagin ƙauyukan ne suka fara ƙarewa, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. In kaji suka zube a gonar Sabha bayan feshi, ma'aikacin da ke kwana a ɗakin da aka jera kwalaben, yana dafa shayi da ruwan tankin da ake cika famfo a bakinsa, shi ne na gaba a layi. Ciwon kai, da jiri, da gumi, da gani dishi-dishi bayan feshi alamu ne na zuwa asibiti a ranar, da kwalbar a hannu.

Hedikwatar Cibiyar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Turabulus, tafiyar sama da kilomita 700 a mota daga Sabha, don haka abin da za a iya yi a kusa shi ya fi amfani. Jami'ar Sabha na da tsangayar aikin gona, garin na da likitocin dabbobi da masu shagunan magani, al'ummar Hausawa kuma na da shugabanninta da zaurukanta na WhatsApp da kusan kowane ma'aikaci ke saurara. Saƙon murya na minti uku da Hausa, da ke bayyana launukan kwalba da kwanakin jira da haramcin ɗura mai, ba ya buƙatar kasafin kuɗin gwamnati. Shugabannin al'umma su nemi likita ɗaya su zauna da shi a naɗa. Masu shago su daina juye magani a robar da ba ta da suna, su faɗi kwanakin jira da baki ko ba a tambaye su ba. Masu gona su ware ɗakin magani mai kwaɗo nesa da dusa da wurin kwana, su sayi ma'auni da safar hannu da takunkumi.

Kai kuma ɗan'uwa da ke saurare daga wata gona a Sabha ko Ubari ko Murzuk, kafin ka sake goya famfo ka ɗauki hoton takardar kwalbar da wayarka, ka tura wa wanda ya iya karatu ya gaya maka awo da kwanakin jira. Ka kafa sanda da tsumma a filin da ka fesa domin kada lauje ya shiga, kuma ka ajiye lambar likitan dabbobi a wayarka tun yau.